Bairut Unguwa-Unguwa: Yadda Baƙo Ke Tsintar Kansa Tsakanin Matasan Jam'iyyun Labanan

Titi ɗaya ne, wato tsohuwar hanyar Saida, ya raba Shiyah da Ainur Rummana, unguwanni biyu da ke kudancin Bairut. Mai tafiya a ƙasa zai tsallaka shi cikin minti guda. A wannan ɓarin tutoci ne koraye na ƙungiyar Amal, da masu ruwan ɗorawa na Hizbullah, da hotunan samarin da suka mutu a fagen daga an liƙa a turakun lantarki. A wancan ɓarin kuwa gicciye ne, da ɗan akwatin gilashi mai mutum-mutumin Nana Maryamu a kusurwar layi, da farar tutar jam'iyyar Kiristoci ta Ƙuwwat mai itacen al'ul a cikin jan da'ira. A Ainur Rummana aka buɗe wa wata motar bas ta Falasɗinawa wuta ranar 13 ga Afrilu 1975, abin da ya zama mafarin yaƙin basasar da bai tsaya ba sai 1990. A shataletalen Tayyuna da ke goshin unguwannin biyu kuma aka yi harbe-harbe ranar 14 ga Oktoba 2021, mutum bakwai suka mutu. Yawancin samarin da baƙo zai tarar zaune kan babura a bakin wannan titi an haife su ne bayan an gama yaƙin, amma kowannensu ya san inda iyakar take fiye da yadda ya san taswirar ƙasarsa.

Kuskuren farko da baƙo ke yi shi ne ya ɗauka rigimar Musulmi da Kirista ce. Wanda ya shigo da wannan fahimta zai ruɗe tun a makon farko. Amal da Hizbullah duk 'yan Shi'a ne, yau kuma ƙawaye ne, amma sun gwabza yaƙi tsakaninsu daga 1988 zuwa 1990, kuma har gobe samarinsu kan yi cacar baki a kan wa zai kafa tuta a wane turke. Janar Michel Aoun da Samir Ja'ja', jagoran Ƙuwwat, duk Kiristoci ne Maroniyawa, amma mayaƙansu sun ragargaji juna a gabashin Bairut a 1990. A watan Fabrairun 2006 Aoun ya je cocin Mar Mikha'il ya sa hannu a yarjejeniya da Hassan Nasrallah, jagoran Hizbullah na lokacin, daga nan saurayi Kirista mai bin Aoun ya zama ya fi kusa da saurayin Hizbullah a siyasa fiye da maƙwabcinsa Kirista ɗan Ƙuwwat, har tsawon shekaru. A Zgarta da ke arewa, mutanen gidan Faranjiyya, su ma Maroniyawa, ba su manta cewa mayaƙan jam'iyyar Kiristoci ta Kata'ib ne suka kashe Tony Faranjiyya da matarsa da 'yarsa a Ihdin a 1978 ba. Wato kowace ɗariƙa a rabe take a cikinta, kuma sau tari gabar cikin gida ta fi zafi.

Tsarin ƙasar ne ke haifar da wannan. Ɗariƙu 18 doka ta amince da su. Tun yarjejeniyar 1943, shugaban ƙasa Bamaroniye ne, firayim minista ɗan Sunni, shugaban majalisa ɗan Shi'a. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 ta raba majalisa biyu daidai tsakanin Kirista da Musulmi, kuma a kujeru 128 na yanzu Maroniyawa na da 34, Sunni 27, Shi'a 27, Kiristocin Otodoks 14, 'yan ɗariƙar Duruz 8, sauran kuma a raba wa ƙananan ɗariƙu. Ba a sake ƙidayar jama'a ba tun 1932, don kowa na tsoron abin da alƙaluma za su nuna. Aure da riƙon 'ya'ya duk a hannun kotunan addini suke, shi ya sa saurayi da budurwa 'yan ɗariƙu daban-daban kan tsallaka Saifurus su ɗaura aure su dawo. Matashi ba ya jefa ƙuri'a sai ya kai shekara 21, kuma ba a inda yake zaune zai jefa ba, sai a garin da aka yi wa danginsa rajista, ko da kakansa ne ya baro garin. Ran zaɓe motocin jam'iyya ne ke kwasar mutane su kai su ƙauye.

Sai batun ciki. Gurbin aiki a gwamnati, gado a asibiti, tallafin karatu, har sakin yaron da 'yan sanda suka kama, duk sukan bi ta hannun jagoran ɗariƙa, wanda suke kira za'im, ta hanyar da kowa ke kira wasɗa. Hizbullah na da makarantu da asibitoci da cibiyar bayar da bashi ta Ƙardul Hasan da ƙungiyar 'yan sikawut ta Mahdi. Gidauniyar Hariri ta ɗauki nauyin karatun dubban ɗalibai. Da tattalin arziki ya durƙushe daga 2019, dala ta tashi daga lira 1,507 zuwa kusan 89,500, bankuna suka riƙe ajiyar mutane, sai dogaro da jam'iyya ya ƙaru maimakon ya ragu. Saboda haka idan baƙo ya ce wa saurayi ai jagoranku ɓarawo ne, zai yiwu saurayin ya yarda a ransa. Amma wanda aka zaga ɗin shi ne ya biya kuɗin aikin da aka yi wa mahaifiyarsa.

Karanta bango kafin ka buɗe baki

Bairut ba ta ɓoye komai, a bango take rubuta wa. Ruwan ɗorawa Hizbullah ne, kuma cibiyarsa Dahiya, unguwannin kudu irin su Haret Huraik da Gubairi da Burjul Barajina. Kore Amal ne, tare da hoton Imam Musa Sadr da ya ɓace a Libiya a watan Agustan 1978 da na Nabih Berri, wanda ke shugabantar majalisa tun 1992. Shuɗi na jam'iyyar Mustaƙbal ce ta gidan Hariri, kuma zuciyarta Ɗariƙul Jadida, duk da Sa'ad Hariri ya jingine siyasa a Janairun 2022 ya bar samarin Sunni ba jagora guda. Ruwan lemo na mabiya Aoun ne, waɗanda surukinsa Jibran Basil ke ja yanzu. A dandalin Sasin da ke Ashrafiyya, unguwar Kiristoci a gabashin Bairut, hoton Bashir Jumayyil ne, zaɓaɓɓen shugaban ƙasar da aka kashe da bam ranar 14 ga Satumba 1982. A duwatsun Shuf jar tutar jam'iyyar gidan Jumblat ce ta Duruz. A Hamra kuwa, unguwar da ta fi kowace cakuɗuwa, za a ga baƙar tuta mai jan tambari kamar guguwa, ta jam'iyyar masu ra'ayin haɗe yankin Sham ƙasa ɗaya. Baƙi daga Turai kan ɗauka alamar 'yan Nazi ce su tsaya ɗaukar hoto, su kuma samarin da ke gadin ofishin ba sa son haka ko kaɗan. Abin lura: wanda ya dasa wa Bashir bam ɗan wannan jam'iyya ne, don haka tsakanin Hamra da Sasin akwai jini, ko da yake tafiyar mintuna ce a mota.

Direban sabis, wato tasi mai jar lamba da ake shiga a haɗa kuɗi, shi ma allo ne. Abin da ya rataya a madubi, da tashar da rediyonsa ke kai, sun isa su gaya maka inda ya dosa. Haka talabijin ɗin shagon aski: Al-Manar ta Hizbullah ce, NBN ta Amal, OTV ta mabiya Aoun. Har ƙwallo ba ta tsira ba. Ƙungiyar Ahed, wadda ta ci kofin AFC a 2019, ana danganta ta da Hizbullah, Ansar da Sunni, Safa da Duruz. A ƙwallon kwando, wasan Hikma ta Ashrafiyya da Riyadi ta yammacin Bairut ya wuce wasa. An yi shekaru bayan kashe tsohon firayim minista Rafiƙ Hariri a 2005 ana buga gasar ƙwallon ƙafa ba 'yan kallo, don gudun abin da waƙoƙin magoya baya za su haddasa. Ba wanda zai doke ka don ka sa riga mai ruwan lemo ran Talata, amma ranar gangami ko makon zaɓe launi magana ce.

Su ma suna karanta ka. Ɗan Labanan ba kasafai yake tambayar addini kai tsaye ba, ana ganin rashin ladabi ne. Zai tambayi sunanka, sannan sunan gidanku, sannan garinku, in bai gamsu ba ya tambayi makarantar da ka yi. Umar da Usman suna nuna wuri, Husaini da Abbas suna nuna wani, Sharbil da Ili wani daban. Baƙo ba shi da gari a Labanan, don haka nasa tambayoyin daban ne: a ina ka sauka, wa ya kawo ka, ina ka je jiya, me kake gani game da abin da ke faruwa? Tambayar ƙarshen nan ita ce tarko, kuma amsar da ba ta jawo matsala ita ce ka ce ka zo ne ka ji daga bakinsu. Ba za su ɗauke shi ragwanci ba. Daɗi za su ji, don dama abin da suke so ke nan.

Laƙabi ma na fallasa mutum. Mabiya Nasrallah, wanda Isra'ila ta kashe ranar 27 ga Satumba 2024, Sayyid suke ce masa. Berri Ustaz ne, Ja'ja' Hakim, Aoun Janar, Walid Jumblat kuma Baik. Wanda ya kira laƙabin a gaban abokan hamayya ya nuna ya kwana a ɗaya gidan, wanda kuma ya kira gundarin sunan ba sakaya a gaban mabiya ya yi raini. Mafita ita ce kiran muƙami: shugaban majalisa, tsohon shugaban ƙasa, shugaban jam'iyya kaza. Haka kalmar da za ka kira makaman Hizbullah da ita. Muƙawama, wato gwagwarmaya, kalmar masu goyon baya ce. Milishiya kalmar masu adawa.

Kowa da tarihinsa

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne karamci. Kowane ɓangare zai karɓe shi hannu bibbiyu, a kawo gahawa, a kunna shisha, a hana shi biyan ko sisi, sannan a zauna a ba shi tarihi. Saurayin Dahiya zai faro daga mamayar Isra'ila ta 1982, da kisan Ƙana na 1996, da ficewar sojojin Isra'ila daga kudu a watan Mayun 2000, ya ce lokacin da ake rusa ƙauyensu ina sojan gwamnati yake. Saurayin Ɗariƙul Jadida zai faro daga 14 ga Fabrairu 2005, ranar da aka kashe Rafiƙ Hariri, ya dire a 7 ga Mayu 2008, ranar da mayaƙan Hizbullah da ƙawayensu suka mamaye yammacin Bairut, ya ce makamin da aka ce na Isra'ila ne ga shi an juyo da shi cikin gida. Na Ashrafiyya zai kawo kisan da aka yi wa Kiristocin garin Damur a 1976, da luguden wutar sojojin Siriya na kwana ɗari a 1978, da shekara goma sha ɗaya da Ja'ja' ya yi a kurkuku daga 1994 zuwa 2005. Bafalasɗine a sansanin Shatila zai kawo kisan da mayaƙan Kiristoci suka yi wa Falasɗinawa a Tallul Za'atar da Sabra da Shatila. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa dai ya fara ƙirga ne daga ranar da aka cuce shi, ya tsallake ranar da nasa suka yi cuta.

Dalilin hakan a bayyane yake. Dokar afuwa ta 1991 ta yafe yawancin laifukan yaƙi, jagororin mayaƙa suka cire kaki suka shiga majalisa. Manhajar tarihi ta makarantu ta tsaya ne a wajajen samun 'yancin kai, ba a taɓa cimma matsaya kan littafi guda da zai ba da labarin yaƙin ba. Yaro a bakin kakarsa yake jin tarihi, sai kuma a sansanin 'yan sikawut na jam'iyya.

A nan baƙi da yawa ke zamewa. Bayan kwana biyu a hannun mutane masu kirki, mutum kan ɗauka ya gane gaskiyar lamarin, sai ya tsallaka titi ya maimaita abin da ya ji kamar nasa. Ko kuma ya ɗauki matsayin alƙali, ya ce wa na Ashrafiyya "to Sabra da Shatila fa?" a kan teburin da aka karrama shi. Ba za a taɓa lafiyarsa ba, amma hira ta mutu, kuma wanda ya kawo shi ne zai sha tambaya bayan ya tafi. Mai masauki shi ke ɗaukar nauyin bakin baƙonsa, wannan kuwa ba sabon abu ba ne ga Bahaushe.

Inda abin ke zama na gaske

Maganganu kan jawo ɓacin rai ne kawai. Kyamara ita ke jawo tsarewa. A Dahiya, da garuruwan kudu, da sassan Ba'alabak, wanda ya ɗaga waya yana ɗaukar gini ko layi, cikin 'yan mintuna zai ga samari biyu kan babur sun tsaya a gefensa. Yadda abin ke gudana kusan iri ɗaya ne: a nemi fasfo, a karɓi waya a duba hotuna da lambobi, a tambayi wa ka sani a nan, a kira wani a waya. In an gamsu a ce ka goge ka tafi, in ba a gamsu ba a wuce da kai wani ofis na sa'o'i, wani lokaci a miƙa ka ga jami'an tsaron gwamnati. Gardama a kan cewa ba su da hurumi ba ta da amfani, gudu kuma ya fi komai muni. Tun bayan fashewar na'urorin aika saƙo a jikin 'yan Hizbullah ranar 17 ga Satumba 2024 da kashe-kashen jagororinsu da suka biyo baya, zargin leƙen asiri ya ninka, kuma ba a raina kowa. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa, ko a jaka kada ya shiga waɗannan wurare. Ɗan jarida kan nemi takardar ma'aikatar watsa labarai, sannan ya nemi izinin ofishin hulɗa da 'yan jarida na Hizbullah kafin ya ɗauki komai a yankinsu. Baƙon da zai gangara can ƙuryar kudu kusa da iyaka yana buƙatar izini daga sashen leƙen asirin soja a Saida. Tsagaita wutar 27 ga Nuwamba 2024 ma ba ta hana Isra'ila ci gaba da kai hare-hare a kudu ba.

Batun Isra'ila ba na ɓangare ɗaya ba ne, doka ce. Fasfo mai hatimin Isra'ila ko wata shaidar an je can ya isa a mayar da mutum daga filin jirgi, kuma dokar ƙaurace wa Isra'ila ta 1955 ta haramta hulɗa da 'yan ƙasar. Kiristan Najeriya da ya taɓa zuwa ziyarar ibada Urushalima ya kamata ya san wannan tun kafin ya sayi tikiti, ya kuma duba hotunan da ke wayarsa.

Shingen sojan gwamnati daban ne, kuma soja na cikin 'yan cibiyoyin da kusan kowane ɓangare ke girmamawa. A rage gudu, a sauke gilashi, da dare a kunna fitilar cikin mota, a cire tabarau, a gaisa. Mutanen ƙasar kan kira soja da "waɗan", wato ƙasa. Kada a ɗauki hoton shingen.

Sai kalanda. Ranakun Ashura, da 14 ga Fabrairu, da 31 ga Agusta da Amal ke tunawa da Musa Sadr, da 14 ga Satumba a Sasin, ranaku ne na ayarin babura da tutoci. Rigima takan tashi ne idan ayari ya bi ta layin da ba nasa ba yana kirari. Bayan jawabin babban jagora, ko jana'iza, ko ma fitowar sakamakon jarrabawa, akan yi harbi sama, kuma harsashin da ya dawo ya sha kashe mutane a baranda. In ka ji an fara, ka shiga ƙarƙashin rufin kankare. A Tarabulus ta arewacin Labanan ma akwai irin wannan iyaka, Titin Siriya, tsakanin Babut Tabbana ta 'yan Sunni da Jabal Muhsin ta Alawiyyawa, inda aka yi ta zagayen faɗa daga 2008 zuwa 2014.

Jami'a kuwa ita ce wurin da baƙo ɗalibi zai ga abin da idonsa. A Jami'ar Amurka ta Bairut, wadda aka kafa a 1866, ba a yarda jam'iyyu su yi aiki da sunansu ba, sai su fake da sunan ƙungiyoyin al'adu da na zumunci, kuma kowa ya san wace ta wa ce. Ran zaɓen ɗalibai akan jibge jami'an tsaro a ƙofa, gidajen talabijin su kawo sakamako kamar na 'yan majalisa. Harabar Huvelin ta Jami'ar Saint Joseph, da ke gaɓar iyakar da ta raba gabashi da yammacin Bairut lokacin yaƙin basasa, ta sha ganin dambe tsakanin 'yan Ƙuwwat da 'yan Hizbullah. A Janairun 2007 faɗan da ya faro a ɗakin cin abinci na Jami'ar Larabawa ta Bairut ya fantsama cikin unguwa, mutum huɗu suka mutu, aka sa dokar hana fita. Jami'ar gwamnati, wadda ta fi kowace yawan ɗalibai, ta daina zaɓen ɗalibai tun 2008. Baƙon ɗalibi yakan ga ana ta jansa a jiki makonni kafin zaɓe, a ba shi tsoffin takardun jarrabawa, a gayyace shi walima. Ƙuri'arsa ake nema.

Akwai kuma matasan da suka ce duk ba su yi. Ranar 17 ga Oktoba 2019, bayan gwamnati ta yi niyyar sa harajin dala 6 a wata kan kiran WhatsApp, dubban ɗaruruwa suka fito daga Tarabulus har Sur da kirarin "killun ya'ani killun", wato dukansu ake nufi, ba a ware kowa ba. Ranar 29 ga watan samari magoya bayan Amal da Hizbullah suka far wa tantunan masu zanga-zanga a tsakiyar Bairut, a ranar kuma Sa'ad Hariri ya yi murabus daga muƙamin firayim minista. A watan Nuwamba iyaye mata daga Shiyah da Ainur Rummana suka yi tattaki tare a kan wancan titi. Bayan fashewar tashar jiragen ruwa ta 4 ga Agusta 2020, wadda ta kashe sama da mutum 200, 'yan takara masu zaman kansu sun yi nasarar da ba a saba gani ba a zaɓukan ɗaliban manyan jami'o'i masu zaman kansu, sannan a zaɓen Mayun 2022 'yan canji suka sami kujeru 13. Waɗannan su baƙo ya fi saurin haɗuwa da su, don su ke zama a gidajen gahawa na Hamra da Mar Mikha'il da Badaro, suna jin Turanci da Faransanci, kuma maganarsu ta fi shiga kunnen baƙo. Sai dai 13 cikin 128 ne, kuma da yawa daga cikinsu takardar biza suke jira. Wanda ya tsaya a kansu kaɗai ya ji ra'ayin wata unguwa ce ita ma, ba ta ƙasa duka ba.

Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma yana da nasa ƙarin lissafi. Dangantakar tsohuwa ce: a Kano akwai titin Beirut, garin Miziyara na arewacin Labanan da kuɗin Najeriya aka gina manyan gidajensa, Nabih Berri kansa a Saliyo aka haife shi, kuma sojojin Ghana sun daɗe a rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kudu. Don haka ba abin mamaki ba ne ka ce daga Kano kake, wani ya amsa maka da Hausa. Amma baƙar fata a Bairut yawanci ana fara ɗaukarsa ɗan aikatau ne da ya zo ƙarƙashin tsarin kafala, wanda ke ɗaure takardar zaman ma'aikaci a hannun ubangidansa, saboda haka a shinge an fi tsananta masa tambayar takardar zama, kuma bai kamata ya fita ba fasfo ko kwafinsa ba. In kuma sunansa Abubakar ko Aliyu, to shi ba kamar Bature ba ne da ake yi wa uzurin jahilci. Za a sa shi a layi tun kafin ya zauna, a duba yadda yake riƙe hannu a salla, a tambaye shi labarin Zariya ko na Saudiyya gwargwadon unguwar da yake. Masallacin da zai yi Juma'a ma zaɓi ne da ake lura da shi. Wanda ba ya son a fassara shi yakan nufi babban masallacin Muhammad Al-Amin da ke tsakiyar gari, inda masu yawon buɗe ido da matafiya ke cika sahu, ko da yake shi ma a gefensa kabarin Rafiƙ Hariri yake.